Tabon Fitila

Da kogin Pamba ya janye ƙafarsa daga gidajen mutane
ya bar musu laka har wuyan taga.
Mutum huɗu suka ɗauko teburin Thresiamma kamar makara,
ƙafa uku a jikinsa, ta huɗun
tana hammatarta, naɗe da tsumma.

Chellappan bai ce mata sannu ba.
Ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya kasa kunne
yadda ake sauraron ƙirjin mai tari.
"Da sauran rai," ya ce. "Amma kar ki tambaye ni yaushe."

Kwana arba'in tebur na kwance a inuwar rumfa.
Itacen da ya sha ruwa, in ka nuna masa rana, tsagewa yake.
Ruwan sama na dukan ganyen kwakwa,
fumfuna ta tsiro fara kamar furfura,
ya goge, ta dawo, ya goge.

Sannan ya kwance shi gaɓa-gaɓa.
Ƙusa tara da wani mai gaggawa ya buga shekarun baya,
tsatsa ta ramar da su kamar tsinken sakace,
yana zarewa yana tsaki.
Ramukan gara ya bi su da allura,
ya toshe da garin katako da gam.
Ƙafar nan ya fiƙe mata sabon haƙori
daga guntun tik da ya ɓoye tun ubansa na da rai,
ta shiga raminta ba guduma, tafin hannu kawai.

Da ya kankare tsohon fenti, fuska ta bayyana:
sawun wuƙar gyaran kifi,
lissafin wani yaro mai danna biro,
bakwai sau takwas, amsar ba daidai ba,
sai wani baƙin tabo can gefen hagu
inda wuta ta taɓa zama.
Chellappan ya shafa shi, ya yi murmushi.
Irin wannan ba ya taɓawa.
Ya sha faɗa wa yaran shagonsa:
teburin da ba tabo baƙo ne a gida.
Ya bi shi da kakin zuma,
ya murza har ya yi sheƙi kamar idon saniya.

Ranar karɓa ta zo da laima, kuɗi ƙulle a bakin zane.
Ta girgiza ƙafar, ko gezau.
Sai idonta ya faɗa gefen hagu.

"Kogi ya kasa wanke shi," ta ce,
"kai kuma ka shafa masa mai."

Hankaka na kuka a bakin rijiya.

"Fitila ce. Ni aka jefa, tebur ya tare.
Shekara talatin da ɗaya ina rufe wurin da faranti.
Mai jifan na kwance bayan coci.
Na yafe, ban yafe ba, tsakanina da Allah.
Amma na gaji da cin abinci tare da shi."

Chellappan ya kasa haɗa ido da ita.
Ya ɗauko magagari, ya goga: baƙi.
Ya ƙara gogawa: baƙi.
Ƙunar ta yi nisa, saura ƙiris ta ɓulle.
Sai ya sa wuƙar sassaƙa ya ƙwaƙule wurin gaba ɗaya,
ya dasa sabon katako,
fari sol, bai yi kama da danginsa ba.

Bayan kwana uku ta dawo.
"Zai yi duhu da shekaru," ya ce,
"sai dai ba lalle mu gani ba."
Ta bi layin haɗin da yatsa, ba tudu, ba kwari.

Yaro ya kawo shayi daga shagon Ouseph.
Ta karɓi kofin, da zafi, gindinsa jiƙe,
ta dire shi daidai kan farin,
ba faranti.
Da ta ɗaga, ga zobe siriri ya kwanta.
Hannun Chellappan ya nufi tsumma da kansa.

"Bar shi," ta ce. "Wannan nawa ne."